Akwatin da Baba Ya Yi wa Kansa

Baba mai aikin katako ne, kuma da hannunsa ya ƙera akwatin da za a binne shi a ciki, shekara guda bayan rasuwar Inna. Ina tsaye ya kwanta a kan katakon ya ce in ja layi da alli daidai kansa da diddigensa. Na ce, "Haba Baba, wannan wane irin wasa ne?" Ya yi dariya ya ce ba ya son wani ya yi masa aikin ha'inci ranar da ba zai iya tashi ya yi faɗa ba.

Daga Dogondutsi ya zo Yamai yana saurayi, shi da yayansa da nake ce wa Baffa. Baba ya bi Almasihu, Baffa ya tsaya a kan musuluncinsa yana sayar da goro, kuma ba su daina cin tuwo kwano ɗaya ba. A maƙabartar Kirista Baba ya bar wuri kusa da Inna. Ya sha gaya mini yadda yake so: ƙafafu wajen gabas, don ranar da ƙaho zai busa ya miƙe fuskarsa ga Ubangiji, sannan ya juya hagu ya ga uwata. "Ke dai ki tabbata an sa ni nan," in ji shi. Iyakar abin da ya taɓa roƙona ke nan.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ba a kuma yi gada a kan kogi ba. Ni ina aure a Kirkissoye, hayin kogi, maigidana yana aikin garka. Da hantsi saƙo ya iso cewa Baba ya faɗi a wurin aiki. Na ruga bakin ruwa ko kallabi ban ɗaura da kyau ba, mai kwale-kwale kuwa ya ce sai jirgi ya cika. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Zabarmanci, ya ci gaba da sakace haƙori.

Bayan azahar na isa. Maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Da na ga ƙafafun nan na gane. Na shiga ɗaki, ga akwati jingine a kusurwa, ba wanda ya taɓa shi.

"Baffa, ina ubana?"

"Mun yi masa sutura, ɗiyata. Ki yi haƙuri."

"A ina?"

"Ƙanena ne tun kafin ya zama ubanki. Na wanke shi yadda aka wanke ubanmu, na kai shi cikin mutanenmu. Ba zan bari a buga masa ƙusa a rufe kamar kaya ba."

Na ce ya nuna mini wurin, ya ƙi. Ya ce ya san halina, zan sa a tono shi. Bai yi ƙarya ba, da na tono shi da farcena. Mata ba sa shiga maƙabartarsu, ba sa rubuta suna, kuma duk waɗanda suka raka gawar abokansa ne na kasuwa. Kowa na tambaya sai ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya kau da kai.

Na tsani Baffa, ba zan ɓoye ba. Fasto ya zo har gida ya karanta mini cewa ko teku za ta ba da matattun da ke cikinta, balle wani fili a bayan gari. Na ce na sani, Allah ba ya ɓatar da kabari, ni ce aka ɓatar wa. Duk shekara ranar Idin Tashin Almasihu jama'a na waƙa suna tunanin aljanna, ni kuwa fuskar Baffa nake gani. Ina so a tashi duka, Baba ya waiga bai ga Inna ba, ya tambayi yayansa a gaban kowa da kowa, ni kuma ina tsaye ina kallo. Wannan nake roƙo, ina durƙushe a majami'a da sabon zane.

Bayan damina biyar ɓarin jikin Baffa ya shanye. Matarsa ta riga shi, ƴaƴansa suna can bakin teku neman abinci. Maƙwabta suka yi ta kame-kame, sai na ce a kawo mini shi. Mutane suka yi ta sa mini albarka, wai ga Kirista ta gari. Tabɗi! Da sun sani.

Na share masa ɗakin da na ajiye akwatin, na shimfiɗa tabarmarsa daidai inda in ya buɗe ido zai ga gicciyen da ke kan murfin. Na ba shi kunu, na wanke masa tufafi, na juya shi gabas lokacin sallarsa, ban taɓa fashi ba. Wata rana ina goge akwatin na ce, "Baffa, ashe tsawonku ɗaya da Baba." Na ga kunun yana zubowa ta gefen bakinsa, na ji sanyi har cikin raina.

Kwana uku bai iya barci ba. A na huɗu ya kama bakin zanena da hannunsa mai rai ya ce, "Ɗiyata, don girman Allah kada ki sa ni ciki. Zan nuna miki."

Muka haye da shi, maigidana ya goya shi ya shiga maƙabartar, ni na tsaya a waje ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ina hango su suna zagayawa, su tsaya, su koma baya. Rana ta take sannan suka fito. Ruwan sama ya baje tsofaffin kaburbura, sababbi sun cika wurin, fasasshen tulun da ya sa alama kuwa akwai irinsa ya fi a ƙirga. Baffa yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Nan ne fa, wallahi wajen nan ne." Na so a ce ƙarya yake yi, amma na ga ba ƙarya ba ce.

Da sanyin safiya Baffa ya cika, wata biyu bayan nan. Daga ni sai shi sai akwatin. Maigidana ya leƙo ya ce, "Ke, me za ki yi?" Na ce ya ba ni wuri. Na ɗaga murfin, ƙanshin katako ya buge ni, ga layin allin nan biyu ba su goge ba. Ƴaƴan Baffa ba za su iso ba sai bayan mako, ba wanda zai hana ni sa shi a ciki. Na juya in ɗauko shi ta ƙafafu, sai na ga ƙafafun: babban yatsa a karkace, diddige a tsattsage, sak na Baba. Na daɗe a tsugune. Na zage shi, na zagi kaina, sannan na rufe akwatin na aika a kira limamin unguwa.

Kada wani ya ce na yafe. Ban yafe ba tukuna, Ubangiji ya sani, kullum muna wannan magana da shi. Da za su tafi da gawar maƙabartar hayinmu na ba maigidana wani baƙin dutse da na ɗauko a bakin kogi, na ce ya dasa shi wajen kai, ya ƙirga taku daga wata bishiya da ke wurin. Duk bayan damina ina tura shi ya duba, yanzu kuma ɗana ke zuwa. Wannan kabarin kam ba zai ɓace mini ba.

Akwatin yana nan, ni za a sa a ciki, a wurin da Baba ya bari. Ranar da ƙaho zai busa Inna za ta juya tana neman mijinta, sai ta ga ni ce. Zan ce mata, "Inna, ki tsaya nan kada ki gusa." Sannan in haye kogi, in tsaya a kan baƙin dutsen nan, in kama Baffa da wannan hannun da ya shanye, in ce, "Tashi, ƙafafunka sun warke. Wuce gaba ka nuna mini inda ka kai ubana."