Ƙuri'ar Amos Mai Fito

Shekara talatin Amos Tackett yana fito a kogin Licking, kuma duk zaɓen da aka yi, Kanar Whitlow yake ba ƙuri'arsa. Shi ya ƙetare da Kanar ran da ya fara tafiya majalisar tarayya, ko senti bai karɓa ba. A majalisar nan Kanar ya goyi bayan yaƙin Meziko, ya dawo gida ya yi ta zuga samari. Jesse, ɗan Amos tilo, ya bi. Hularsa kaɗai ta dawo.

Sai ga Kanar yana neman gwamna. Mu kuwa a Kentucky ba a ɓoye ƙuri'a. A bakin kotu za ka tsaya ka faɗi naka da ƙarfi, akawu ya rubuta, ɗan takara ya miƙe ya yi maka godiya. Lasisin fiton Amos kuma yana hannun alƙali, ƙanin Kanar.

"Baban Jesse, ka faɗi sunan Kanar ka dawo," in ji matarsa Dorcas. "Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. In suka karɓe jirgin fiton, me za mu ci?"

Ran zaɓe Kanar ya hango shi a layi, ya washe baki. "Ga Amos nawa nan. Wannan ko cikin barci sunana yake kira." Aka yi dariya. Amos kuwa tsoro yake ji ƙwarai. Alƙali na gefe, ya kafa masa ido.

"Wa ka zaɓa, Baba?" in ji akawu. Kanar har ya fara miƙewa, hula a hannu.

"Jesse Tackett."

Akawu ya dubi alƙali, ya rage murya. "Baba, ai wannan ba ya takara."

"Nawa in faɗa, naka ka rubuta."

Ya rubuta. Kanar ya koma ya zauna, godiyar ta maƙale.

Ya dai ci gwamna, irinsu ba sa faɗuwa. Kafin sanyi ya shigo aka ba wani lasisin. Amos ya koma faskare, Dorcas tana wankau. Jesse ba shi da kabari a ƙasar nan, shi ya sa duk shekara Amos yake zuwa wurin akawu a buɗe masa littafin zaɓe. Bai iya karatu ba, amma ya san layin da sunan Jesse yake.