Ƙofar da Alƙali Ya Ce a Toshe

Ranar Juma'a ce. Da hantsi wana Ilu ya kawo mini takalminsa na taya, igiyar ƙafar dama ta tsinke. Gyaran takalmi ne sana'ata. Baƙin zare ya ƙare mini, sai na ɗinke da ja. Ya duba ya ce, "Kai Sani, ni amarya ce?" Ya sa abinsa ya tafi.

Ƙauyenmu tafiyar awa biyu ne a ƙasa daga Matameye. Shekara uku mu 'yan sabon masallaci muna shari'a da mutanen tsohon masallaci. Su sun ce Juma'a biyu ba ta tsayuwa a gari ɗaya, kuma wa'azin malaminmu zagi ne. Alƙali ya yanke: mu yi sallarmu, mu yi wa'azinmu, kada kowa ya tare mana hanya. Sharaɗi ɗaya ya sa. Ƙofarmu ta arewa da ke kallon masallacinsu, a toshe ta, don kada jama'a biyu su haɗu. Muka toshe da bulo. Ni na kwaɓa ƙasar. Ilu ya sa takardar hukuncin a leda ya kafa ta jikin ƙofar da ta rage.

Ƙarfe biyu saura kwata muka shiga, mu ashirin da uku. Muka bar takalma a waje. Liman na cikin huɗuba muka ji ƙarar sarƙa. Sai kwaɗo ya ce ƙas, an kulle mu ta waje.

Duwatsu suka fara sauka kan kwanon rufi. Ba ka jin na kusa da kai. Na leƙa ta tsagar ƙofa, na ga wani hannu yana yage takardar. Na san hannun. Na taɓa yi wa mai shi gyara.

Daga waje wani ya ce, "Ku kawo esansi!"

Warin fetur ya riga wutar shigowa. Muka ruga ƙofar arewa. Mun gina ta da kyau, ko motsi ba ta yi ba. Saura taga ɗaya ta gabas, sama da kai, faɗinta kamu biyu. Wani cikinmu ya kira jandarma a salula. Suka ce suna tafe.

Ilu ya durƙusa ƙarƙashin tagar. "Ku taka ni! Tsofaffi tukuna!"

Muka dinga taka bayansa. Hayaƙi ya sauko har ƙirji. Ni ne na goma sha tara. Na ce, "Yaya, taso." Ya ce, "Hau!" Na hau. Ilu ƙato ne. Tun farko ya san kafaɗunsa ba za su wuce ta tagar ba.

Muka faɗa gonar hatsi ba takalmi. Ƙarangiya, ƙaya, rairayi kamar garwashi. Bayanmu rufin ya faɗi, na ji shi. Ban waiga ba. Muka bi kwari, muka kauce wa hanyar mato. La'asar sakaliya muka shiga Matameye. Matanmu da yara suka iso washegari a amalanke.

Wata bakwai ke nan muna rakuɓe a gidan wani Alhaji. An ce hukuncin na nan daram, muna da iko mu koma. Ba wanda ya koma.

Kwana uku bayan abin, jandarma suka kawo takalmanmu cikin buhu, suka zazzage a tsakar gida. Kowa ya ɗauki nasa. Mu ashirin da biyu. Na taya guda ya rage, da jan zare a ƙafar dama.

Ɗinkin bai saki ba.