Rumbun da Ban Leƙa Ba

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta ina zaune a gida a Ƙaura, ba aikin fari balle na baƙi, wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin wucin gadi. Ƙungiyar ta shekara biyu tana tallafa wa gidajen marasa ƙarfi a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi. Kowane gida an ba shi awaki uku tun farko, sannan duk wata ana auna masa hatsi. To, wa'adi ya cika, masu tallafin suna son su san ko abin ya yi amfani. Gidan da aka ga ya miƙe za a yaye shi, wato a cire sunansa. Wanda har yanzu yake ƙasa kuma a ƙara masa shekara guda yana karɓar hatsin. Mu ne za mu bi gida-gida da tambayoyi, amsoshin da muka kawo su za su raba gardama.

Kwana uku aka yi ana koya mana aikin. Aka ba mu rigar aiki mai aljihu da yawa, da 'yar kwamfutar hannu da ake danna amsa a ciki, ita kuma ta haɗa maki da kanta. Kada ku so ku ga yadda na riƙa yawo da rigar nan a cikin gari, har ranar da ba aiki. Dokoki biyu aka fi nanata mana. Ta farko, kada a sanar da mai gida ranar da za a zo. Ta biyu, duk abin da ido zai iya gani, a gan shi: awaki a ƙirga su, rumbu a hau a leƙa.

Da aka raba mana sunaye, sai na ga sunan abokin mahaifina a cikin nawa, a wani ƙauye gaba da Badarawa. Tare suka yi karatun zaure suna samari. Mahaifina ya zama malamin makaranta, shi kuma ya koma gona, amma zumuncin bai yanke ba. Duk kaka sai ya aiko mana da damin gero, kuma da mahaifina ya rasu shi ya yi masa wanka. Daga baya ɓarayin daji suka kore masa shanu, babban ɗansa ya rasu ya bar masa mata da 'ya'ya biyar. Abin da ya kamata in yi shi ne in miƙa wa wani abokin aiki sunan. Ban yi ba, don ina son tsohon ya gan ni cikin rigar nan.

Kuskurena na biyu, na gaya wa mahaifiyata. Ta ajiye abin da take yi ta ce, "Yaushe za ka tahi, in aika mai?"

Na ce, "Inna, an hana mu sanarwa."

"Gidan mutumin ga za ka hwaɗa hakanan, kamar ɗan sanda? Dokar taku ta, ba tawa ba."

Ranar kasuwar Shinkafi ta ba wani direba saƙo. Na sani, kuma ban hana ba.

Bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum. Ina sauka daga babur na tarar an share ƙofar gida tas, an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, tsohon yana zaune cikin farar riga. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ɗan malam, ashe ka zama mutum." Aka kawo fura, bayanta tuwon gero da miyar kuka, ga kaza a kai. Ya ce shi ya riga ya ci. Ni kuwa na zauna na yi wa kazar nan aiki har na tsotse ƙashi, ina ci ina ba shi labarin ofis kamar ni na gina shi.

Da na wanke hannu na ɗauko kwamfutar. Na ce, "Baba, jiya sau nawa aka ci abinci a gidan nan?"

Ya ce, "Alhamdulillahi."

"Baba, na'urar ba ta da wurin Alhamdulillahi. Lamba take so."

Ya yi dariya ya ce, "To, rubuta uku."

Na tambayi ko an ci nama cikin kwana bakwai da suka wuce. Ya dubi kwanon da ke gabana ya ce ai ni ma shaida ne. Sai tambayar da ta fi yi mini nauyi a baki: ko akwai wanda ya kwana da yunwa a watan nan. Na karanta ta da sauri, idona a ƙasa. Ya ce, "A gidana?" Na danna a'a.

Muka shiga cikin gida. Awaki bakwai a ɗaure a turke, na ƙirga su har sau biyu don in nuna na iya aiki. Daga nan muka tsaya gaban rumbu. Ga tsani a jingine. Abin da ya rage in hau, in ɗaga murfin, in leƙa. Tsohon ya tsaya gefe, hannuwansa a baya, ya ce, "Akwai na Allah ciki." Wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a leƙa rumbun dattijo. Ko ɗansa na cikinsa sai an sa shi yake hawa. Ni kuma ga tuwonsa a cikina, ga shi mutumin da ya wanke mahaifina. Ƙafata ta ƙi taka tsanin. Na hango surukarsa, matar marigayin, a bakin madafa tana kallona kamar mai son magana. Tsohon ya yi gyaran murya, ta koma ciki. Na danna cewa rumbu ya fi rabi.

Na'urar ta haɗa maki ta nuna launin kore, alamar gida ya miƙe. Wallahi murna na yi. Na dawo gida na ce wa mahaifiyata Baba ya warware, awakinsa har sun hayayyafa. Ta yi ta godiya ga Allah. Bayan 'yan makonni sunaye suka fito, gidansa yana cikin waɗanda aka yaye. Ni kuma ina cikin 'yan kaɗan da ƙungiyar ta riƙe aiki, wai don fom ɗina ba ya da gyara.

Sai tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, aiki ya sake bi da ni ta wajen. Na ce bari in ratse in gaishe shi. Na yi sallama, surukar ta amsa ta ce in shigo. Turke ba ko akuya ɗaya. A tsakar gida yaran sun kewaye kwano guda na dafaffen ganyen tafasa da aka barbaɗa wa ɗan gari. Na tambayi ina awaki.

Ta ce, "Waɗanne? Waɗanda kag gani na maƙwabta na. Da sahe anka kawo su, kana tahiya anka maishe su."

Ta faɗa mini sauran ba tare da ta ɗaga murya ba. Awakin ƙungiya, ɗaya ta mutu, biyu an sayar lokacin jinyar mijinta. Tabarmar ta liman ce. Kazar ita kaɗai ta rage musu. Geron tuwon da na ci daga cikin irin shuka aka ɗiba. Rumbu kuwa tun kafin azumi ba kome a cikinsa, hatsin wata-wata ne yake riƙe da gidan, shi ma an yanke. Ta ce, "Na so in hwaɗa maka ran nan. Ba ni da bakin magana gaban Baba."

Na ce ina yake. Ta ce yana ƙwadago a gonar wani, bayan gari. Na bi hanyar da ta kwatanta. Daga nesa na hango layin masu noma, samari ne duka sai shi a ƙarshe, an bar shi baya da kunyoyi biyu, ya duƙa yana ja da kyar. Mutumin da a da shi ake yi wa aiki a gona. Na tsaya bayan wata bishiya na ɗan lokaci, sannan na juya na hau babur na gudu. Ba ni da wani suna da zan ba abin da na yi, gudu ne.

Washegari na sami shugabanmu a ofis na ce akwai gidan da aka yaye bisa kuskure. Ya saurare ni har ƙarshe, ba mugun mutum ba ne. Ya ce an rufe sunaye, rahoto ya tafi, hatsin da aka ware an ware shi ne daidai da gidajen da suka rage. Sannan ya ce, "Wa ya cika fom ɗin?" Na ce ni. "Ka leƙa rumbun?" Na ce a'a. Ya ce in har ina son a buɗe maganar, sai in rubuta da hannuna cewa ban bi doka ba, kuma in sani za a sake duba duk gidajen da na yi, ni ma a duba ni. Ya ce in je in yi tunani. Na je na yi tunanin, ban koma da takardar ba. Tsoron komawa zaman gida ya fi ƙarfina.

Mahaifiyata ta yi kuka da na gaya mata. Ta ce ita ta ja, da ba ta aika ba. Na ce a'a, ita gaisuwa ta aika, ni na danna. Ta sa aka auno gero rabin buhu ta ce in kai, kuma in ce daga matar abokinsa ne, don in na ce daga gare ni ne ba zai karɓa ba.

Ranar Juma'a na je, don na san ba ya fita gona. Na same shi a zaure a kan wani tsohon buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ajiye geron na faɗi saƙon. Ya sa mata albarka. Sai na ce, "Baba, na cuce ku. Ni na sa aka cire sunanku."

Ya ce, "Mi kac cuta? Abin da na hwaɗa maka shi ka rubuta. Da ka rubuta wani abu, da ka maishe ni maƙaryaci."

"Da kun gaya mini gaskiya, Baba."

"In dubi ɗan abokina in ce mai yunwa nika ji? Ranar da yaz zo gidana karo na hwarko da aikinai?" Ya girgiza kai. Ya murza casbi, sannan ya ce, "Kuma an ce muna in anka ga mutane sun samu sauƙi, ku ma'aikata za a riƙe ku. An riƙe ka?"

Na ce, "An riƙe ni."

Ya ce, "To, madalla."

Ban san wa ya gaya musu haka ba, kuma ba gaskiya ba ne yadda ya ɗauka. Amma ban gyara masa ba. Na zauna har aka kira salla, muka tafi masallaci tare, yana tafe yana dafa kafaɗata.

Har yau wannan aikin nake yi, yanzu ma ni nake koya wa sababbi. Ina gaya musu kada su je gidan wanda suka sani, kada su ci abincin gidan da za su yi wa tambaya, kuma su nemi matan gida su ji ta bakinsu a keɓe. Ina gaya musu mutanenmu ba sa faɗin yunwa da baki, musamman masu mutunci, waɗanda kuma sau da yawa su suka fi shan wuya. Suna rubutawa a littafi suna gyaɗa kai, kamar yadda na gyaɗa a lokacina. Abin da ba na gaya musu shi ne, in aka mayar da ni gaban rumbun nan yau, tsohon yana tsaye da hannuwansa a baya, ban tabbata zan hau tsanin ba.

Mun ci gaba da aika abin da ya samu, amma bai kai abin da na sa aka yanke musu ba. Damina biyu ya ƙara yana ƙwadago kafin Allah ya karɓi abinsa. Surukar ta kwashe yaran ta koma wajen danginta, gidan ya zama kango. A takardun ƙungiyar kuwa, har gobe gidansa yana cikin waɗanda suka fita daga talauci, kuma sunana ne a ƙasan shafin.