Kulocin Yaya

Shekarar da tirelar Yaya ta faɗi da shi a hanyar kudu, ƙafarsa ta hagu ce ta karye. An yi aiki a asibiti, ƙashi ya haɗe, aka sallamo shi gida Kankia da sanduna biyu. Likitan gashin ƙashi ya ja masa kunne sosai: lallai ya riƙa motsa ƙafar kullum, yana lanƙwasawa yana dannawa, in ba haka ba gwiwar za ta sandare, in kuwa ta sandare to shi da tuƙi sai dai kallo. Yaya ya ce to. Muna isowa gida ya kwanta ya juya fuskarsa bango.

Inna ta yi lallashi, matarsa ta yi kuka, abokansa direbobi suka zo suka yi ta tsokanarsa ko zai motsa. Amsarsa ɗaya ce, a ƙyale shi. Ni ce autar gidan, kuma ni aka sani da taurin kai, ban taɓa musantawa ba. A lokacin ina buga takardu a sakatariyar Kusada, kullum na dawo da yamma sai na leƙa ɗakinsa in tarar da ƙafar a miƙe inda na bar ta da safe. Haushi yake ba ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Muna da wata tsohuwar kwamfuta da muka saya ni da shi lokacin da wani gidan gem ya rufe. Da, in ya dawo daga tafiya, ƙwallo muke bugawa a kanta, yana cina yana dariya. Wata Lahadi na kinkimo ta na kai ɗakinsa, na sa mata wani gem na tuƙin manyan motoci da na samo a wurin wani abokin aikina. Kwamfutar ta yi ta nishi, hoton yana tafiya yana tsayawa, ni kuma ina ta ƙoƙarin yin ribas da maɓallai. Ban san ya juyo ba sai da na ji muryarsa.

“Ba haka ake karya kan tirela ba. Kuma wa ya ce maki ana tuƙi da yatsa?”

Ya faɗi haka ya koma ya juya. Amma na riga na ji abin da nake son ji. Tun dawowarsa daga asibiti wannan ce magana mafi tsawo da ta fito daga bakinsa.

Kwasar adashinmu na ofis ta kusa zuwa kaina, kuma ita ce kaɗai abin da nake da shi. Na shiga bincike a waya lokacin hutun azahar. Abu uku kwamfutar take bukata. Ƙarin ram, don ta daina shaƙewa. Katin hoto, wanda shi ke zana titi da motoci a allo, namu ya tsufa tukuf. Sai sitiyarin gem, wanda ke zuwa da abin takawa na ƙasa. Ga kuma matsalar wuta, don solar gidanmu ƙarama ce, batir ɗaya ke riƙe da ƙwan fitila da fankar Inna. Katin da ya cika ƙarfi zai zuƙe batirin kafin la'asar, kuma sai an canza masa fawa, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar. Duk ta inda na juya lissafin kuɗin ba sa isa, wani abu sai ya zauna.

Ranar Asabar, bayan na kwashi adashin, na naɗe kwamfutar da tsohon zane, na cusa ta a jaka, na shiga motar Katsina. Inna ta ce wace irin 'ya ce wannan, mutane na kai yara asibiti ita tana kai ƙarfe. Ni dai na san ba zan sayi kayan hannu ban gwada su a jikin tawa ba.

Mai shagon da aka kwatanta mani dattijo ne mai son zance. Ya kalle ni, ya kalli jakar.

“Hajiya, maigidan ne ya aiko ki? Ki kira shi mu yi magana, kayan ga sai wanda ya sani.”

“Ni na aiko kaina. Buɗe ka gani.”

Da na faɗa masa irin ram ɗin da allon cikinta ke ɗauka, sai ya gyara zama. Ya ɗauko wani kati mai fanka biyu, ya sa mata, ya jona da fawar shagonsa. Titi ya fito sumul, har inuwar bishiyoyi tana gilmawa a gilashin mota. Na daɗe ina mafarkin irin wannan kati, tun kafin Yaya ya yi hatsari. Mai shago ya ce in na haɗa shi da fawa da wani sitiyari mai sauƙi, zai yi mani ragi kuɗina su isa.

Na durƙusa na duba sitiyarin. Abin takawarsa biyu ne, totur da birki. Duk direba ya san waɗannan aikin ƙafar dama ne. Ƙafar hagu ba ta da abin yi a mota sai kuloci, kuma ƙafar hagu ce ta kawo ni Katsina.

“Babu mai kuloci?”

“Akwai guda, na hannu, da sandar giyarsa. Amma shi kaɗai zai cinye fiye da rabin abin da kika zo da shi. Mi za ki yi da kuloci? Gem ɗin ga da kansa yake canza giya in kin so.”

Ya zaro shi daga ƙarƙashin kanta. Fatar sitiyarin ta saɓule a gefe, wayarsa an naɗe da salatif. Na danna kulocin da hannu na ji yana da tauri, sai an sa ƙarfi yake sauka. Nan take na ce a cire mani babban katin. Mai shago ya yi ta salati, ya ce zan yi nadama, hoto shi ne gem. Na zaɓi wani ƙaramin tsohon kati da ba ya neman wayar wuta ta daban, tsohuwar fawarmu za ta riƙe shi, da ram guda ɗaya tak. Muka gwada. Sai da na rage kyan hoton har ƙasa kafin motar ta tafi ba tangarɗa, bishiyoyin suka koma kamar tsintsiya. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na biya na fito ban sake kallon wancan katin ba.

Kafintan unguwarmu ya ɗaure mani sitiyarin a jikin teburi, ya kafe abin takawar a kan katako don kada ya riƙa zamewa a siminti. Na shiga cikin gem ɗin na kashe canjin giya na kai da kai. Ban ce wa Yaya komai game da ƙafarsa ba, ya gaji da jin wannan. Bayan la'asar kawai na zauna a ɗakinsa, na ƙure sifika, na fara tuƙi. Ban iya kuloci ba dama, don haka ba sai na yi wani shiri ba. Motar ta mutu. Na tayar, na tura giya ban taka sosai ba, ta yi wata ƙara mai tayar da tsikar jiki. Na sake. Ta sake mutuwa.

“Auta! Giyar ga za ki kashe! Tashi nan.”

Na ji ƙarar sanduna a ƙasa, ban waiwaya ba don kada ya ga fuskata ya fasa. Ya ja jiki ya zo, na tashi, ya zauna da ƙyar. Ya shafa sitiyarin, ya taɓa sandar giya, ya leƙa ƙasa ya ga abin takawa uku. Ya daɗe yana kallon na hagun.

“In mayar maka otomatik, Yaya?”

Hararar da ya yi mani har yau ina tuna ta.

“Ni? Otomatik?”

Da hannu biyu ya ɗaga ƙafar ya ɗora ta a kan kulocin. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ya cije leɓe ya matsa. Kulocin ya sauka rabi ya tsaya. Motar ta mutu. Ya ce tsaurinsa ya yi yawa, wanda ya ƙera shi bai san mota ba. Ya tayar ya sake, zufa na bin wuyansa, ƙafar tana rawa ina gani. Hannuna ya kai ga bayan kujerar na riƙe gam, addu'a kawai nake a zuci. A wani karon kulocin ya kai ƙasa, giyar ta shiga ba ƙara, ya saki a hankali, tirelar ta ɗaga ta hau titi.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zo ba. Ta ga yadda fuskarsa ta yamutse, tausayi ya kama ta.

“Ƙafar hwa? Ko ka huta haka nan?”

“Tana ciwo, Inna,” ya ce, idonsa a kan titi. “Ku bar ta ta yi.”

Ya sake taka kulocin ya sa giya ta biyu.