Minti Arba'in a Tsibiri na Biyu

Shekarun da kuɗin mai suka yi ambaliya a gida, kowa ya kama hanyar Landan, wasu karatu, wasu sayayya. Mu karatu ya kawo mu, ni aikin ungozoma, maigidana injiniya. Ɗaki ɗaya muke haya a Tottenham, mai gidan kuma ya ce ba ya son kukan yara. Sai muka kai 'yarmu ta fari riƙo wajen wata Baturiya, a wani tsibiri can kudu. Tana da wata goma muka kai ta. Cikin shekara biyu, sau huɗu na gan ta.

Ana haka yayar maigidana ta zo daga Kano, ta cika mana ɗaki da akwatuna, ta kuma rantse ba za ta koma ba sai ta ga teku. Na yi wuf na ce ni zan yi booking. Na zaɓi yawon jirgin ruwa na yini guda mai tsayawa a tsibirai uku, don a na biyun 'yata take. Na rubuta wa Baturiyar ta kawo mini ita bakin gaɓa.

Mai yi mana jagora wani dogo ne riƙe da lema, bakinsa ba ya hutawa. A tsibirin farko ya yi ta nuna mana kangon gini da tsuntsaye, ko ɗaya bai shiga kunnena ba. Hankalina yana kan 'yar rigar da na ɗinka, tana cikin jakata. Da muka isa na biyu, ya ɗaga lema ya ce minti arba'in.

Suna tsaye kusa da wani benci. Ta yi tsawo, kanta a cukurkuɗe, ba kitso ba mai. Na so in ruga in sungume ta. Amma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban dangin miji, ga kuma Yaya a bayana. Sai na tsaya ina gaida Baturiyar, ina tambayarta sanyi, na miƙa mata jakar kamar saƙon wani. Yaya ta ɗauki yarinyar ta yi mata wasa, ta dire ta dab da ƙafata, sannan ta juya mana baya tana kallon ruwa.

Baturiyar ta ce wa yarinyar ta gaida mamanta. Ta kama siket ɗin matar, ta tambaya da Turanci, wacce a cikinmu. Abin ya soke ni har zuci, amma dariya na yi, na ce waccan ai ba ta da wayo. Haka minti arba'in suka ƙare, ko hannunta ban taɓa ba.

Sai da jirgi ya tashi, ƙarar inji ta cika ko'ina, na riƙe ƙarfen gefe na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko a rayuwata. Sun riga sun juya.

Yaya ta matso, idanunta jajir.

"Ke kuwa, ƙanwata," ta ce, "me kike tsammani ya sa na juya baya duk tsawon lokacin nan? Ruwa ne ban taɓa gani ba?"