Cikakkiyar Lambar Malam Gilbert

Malam Gilbert ya koyar da lissafi a Manchok, daga baya a Kafanchan, har ya yi ritaya. Dogo ne, ko kasuwa za shi sai ya ɗaura taye. Duk wanda ya zauna ajinsa ya haddace lamba ɗaya: 33,550,336. Yakan ce cikakkiya ce, domin in ka tara duk lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta, ita za ka sake samu. Irinta ba su da yawa, ita ce ta biyar.

Ɗalibai sun ɗauka sha'awa ce kawai. Tsoro ne. Mahaifinsa ya rikice da tsufa a Madakiya, ya fita gona wata damina, sai gawarsa aka tsinta a bakin rafi. Tun daga nan, kullum bayan addu'ar safe Malam Gilbert yakan gwada kansa. Ya fara daga ɗaya yana ninkawa har 4,096, ya tsallaka zuwa 8,191, wadda ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, ya ci gaba da ninki har ƙarshe. In lissafin ya cika, sai ya sha shayi.

Bara 'yarsa Faustina, nas ce, ta dawo gida da zama bayan rasuwar mamanta. Wata Lahadi tana guga ta ji ya kai 4,096 ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a nan.

"Baba, mu tafi sujada, za mu makara."

"Akwai wata a nan wurin," in ji shi. "Jiya tana nan. Wa ya ɗauke ta?"

Ta faɗa masa lambar. Ya dube ta kamar ta zage shi, bai taɓa shayin ba.

Da masara ta fara bunƙasa ya daina gwajin gaba ɗaya, ita kuwa ta fara kulle ƙofar gida in za ta asibiti. Ran da ta manta, ta dawo ta tarar ba shi. Ta bi layin dogo tana tambaya, hadari na haɗuwa. Wani mai keke ya ce ya ga dattijo da taye ya shiga motar Manchok.

A tsohuwar makarantarsa ta same shi, cikin aji ba kowa, an tashi. Ya cika allo da ninki, ya wuce inda ya kamata ya tsallaka, ya gangara kan bango, allin ya ƙare yana gogawa da yatsa.

Ta kama hannunsa. Ya biyo ta ba musu. Suna cikin mota ruwa ya sauko, ya juyo da ladabi ya ce, "Sannu, 'yan mata. Ke 'yar gidan wa?"