Maganin da Gwaggo Ta Hana Baba

Gwaggona, ƙanwar Baba, ba likita ba ce, amma duk layinmu Likita ake ce mata, kuma Baba ne ya ja mata. A wata cibiyar bincike take aiki, a ɗakin gwaje-gwaje mai sanyi kamar cikin firji. A bayan ginin akwai ɗakin gilashi inda ake rainon wani ɗan tsiro mai ɗacin ganye. Masu binciken sun gano cewa cikin ƙwayoyin gadon tsiron akwai wadda ke sa shi haɗa wani sinadari, furotin, da yake kare kansa da shi daga ƙwari. Gwaggo ce ke niƙa ganyen, ta tace, ta sake tacewa, har ta fitar da furotin ɗin, ɗan ruwa garai-garai da bai cika cokalin shayi ba. Sai ta ɗiga shi a kan ƙwayoyin ciwon daji da take raino a cikin 'yan faranta, ta zuba ido ta ga abin da zai faru.

Ko ranar hutu sai ta leƙa wajen aiki, wai ƙwayoyin ba su san hutu ba, in ba a canza musu ruwan abinci ba mutuwa za su yi. Mama takan tsokane ta: "A gaida 'ya'yan faranti." Ita kuwa ta ce, "Za su ji. Sun fi naki jin magana."

Baba kafinta ne. Shi ya riƙe Gwaggo tun tana 'yar mitsitsiya bayan rasuwar iyayensu, kuma har furfura ta fara fito mata bai daina ce mata Auta ba. Duk wanda ya kawo gyaran kujera shagonsa sai ya sha labari.

"Autarmu fa ta kusa gamawa da ciwon daji. Saura ƙiris."

"Yaya, don Allah ka daina," in ji Gwaggo in ta ji. "Ni fa ganye nake wankewa."

"To, ai da wanki ake farawa."

Sai Baba ya fara rama. Wandonsa ya riƙa zamewa, ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa bai faɗa wa kowa ba. Da ƙyar muka ja shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon daji ne a hanji, sai an yi tiyata, sannan a bi da magani.

Ina falo ranar da ya sa aka kira Gwaggo. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kamar yadda ta saba.

"Auta, wancan ruwan naki za ki kawo min," ya ce. "Ba na son wuƙa."

Gwaggo ta ce, "Yaya, ba magani ba ne tukuna."

"Ba ke kika ce yana kashe ciwon ba?"

"A cikin faranti. Kuma yana kashe masu lafiyar ma. Ko ɓera ba mu gama gwadawa a kansa ba. In na ba ka, ban san abin da zai yi maka ba, wallahi ban sani ba."

"Ni ne zan roƙe ki abu ki hana ni?"

"Na hana ka, Yaya."

Ba ta janye ba. Baba ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina yi mata magana. Ita kuwa ba ta fasa zuwa ba. Duk ranar asibiti da sassafe ƙaramar motarta na ƙofar gida. Zai shiga gaba ya harɗe hannu, ni ina baya, sai ya ce, "Ki faɗa wa gwaggonki ta rage gudu." Ita ma ta ce, "Ki faɗa wa babanki ya ɗaura bel." Haka na zama tafinta tsakanin mutane biyu da kafaɗunsu ke gugar juna.

Daga ƙarshe dai ya yarda a yi masa aikin. Ana gobe tiyata wata nas ta zo ta tambayi Baba ko ya yarda a ba masu bincike ɗan abin da za a yanke daga cikinsa. Ta ce ba dole ba ne, kuma ko ya ƙi, kulawar da za a ba shi ɗaya ce.

"Wajen su wannan zai je?" Ya nuna Gwaggo da haɓa.

"Zai iya zuwa cibiyarsu, Baba, amma za a cire sunanka. Ko ita ba za ta san wanne ne naka ba."

"A ba su duka. Me zan yi da shi?" Sai ya juyo ya dubi Gwaggo ido cikin ido, karon farko tun rigimarsu. "Ke kuma ki yi masa aiki da kyau. Ban son aikin ha'inci."

Gwaggo ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a gefen gadon. Ya ɗora hannu a kan ɗankwalinta ya bar shi a nan.

Watannin maganin sun yi wuya. Gashinsa ya zube, ko ƙamshin girki ba ya so. Gwaggo ta riƙa tasowa daga aiki ta zo ta matsa masa ƙafafu, tana yi masa bayanin kowace allura da abin da take yi a jiki, yana gyangyaɗi yana cewa ya gane.

A cikin watannin ne sakamakon bincikensu ya fito: furotin ɗin yana taɓa hantar ɓeraye, sai an sake masa fasali an faro daga baya. Aikin shekaru ke nan. Ta zo gidanmu idanunta jajur. Baba bai ce mata ashe ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba. Ya dai sa ni na haɗa mata shayi, ya tambaye ta ko tsiron yana nan da ransa. Ta ce yana nan. Ya ce to gobe ta tashi da wuri.

Baba ya samu sauƙi, ko da yake ƙarfinsa bai dawo duka ba, kuma har yanzu ana duba shi lokaci-lokaci. Aikin farko da ya yi da ya koma shago benci ne mai majingina, don ya ce kujerun ɗakin jiran asibitin karya bayan mutum suke yi. Gwaggo ce ta ɗauko bencin a motarta, rabinsa a waje an ɗaure da igiya, ya kankare mata fenti. Ita da Baba suna tafe suna musu a kan wanda ya ɗaure igiyar ba daidai ba, har suka isa ƙofar asibiti, masu gadi biyu suka taya su saukewa.